Kundin Sunayen Intanet, daga Kalifoniya zuwa Kakuri

A watan Agustan 1981, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, jiniya na kaɗawa ma'aikata na kwarara a kan kekuna, kamfanin Peugeot kuma na fitar da 504 sabuwa fil, kwamfutocin da ke haɗe a kan abin da daga baya ya zama intanet guda 213 ne kacal. Sunayensu duka da lambar kowacce suna cikin fayil ɗaya mai suna HOSTS.TXT, wanda za a iya buga shi a 'yan shafukan takarda. Fayil ɗin yana ajiye a cibiyar bincike ta SRI da ke Menlo Park a jihar Kalifoniya, a hannun wata mata, Elizabeth Feinler, da ma'aikatanta. Idan jami'a ta haɗa sabuwar kwamfuta, sai ta aika saƙo ko ta buga waya ofishin, a lokacin aiki bisa agogon Kalifoniya, a shigar mata da suna da lamba. Sauran kuwa kowa ya riƙa leƙawa lokaci-lokaci yana kwafo sabon fayil ya ajiye a tasa na'urar.

Abin da ya jawo wannan ɗawainiya shi ne, na'ura ba ta aiki da suna. Saƙon da zai bi waya daga wata kwamfuta zuwa wata, lamba yake ɗauke da ita a goshi, kuma lambar kaɗai na'urorin hanya ke dubawa. Tun ranar 1 ga Janairun 1983, da aka koma tsarin TCP/IP, wannan lamba ta zama jerin alƙaluma kashi huɗu, kowane kashi daga 0 zuwa 255, ɗigo na raba su. Mutum ba ya iya riƙe irin wannan da yawa a ka. Sannan lambar tana ɗaure da inda na'urar take a kan layi. In aka canza mata wuri ko kamfanin da ke ba ta layi, lamba ta canza. Suna kuwa ana so ya zauna daram. Dole ke nan a samu wani abu a tsakani da zai riƙa cewa suna kaza, yau yana lamba kaza.

Fayil ɗaya ya yi wannan aiki shekara goma da ɗoriya, sannan ya fara nishi. Kwamfutoci sun kai 562 a 1983, sun haura dubu a 1984, kafin ƙarshen 1987 sun wuce dubu ashirin da takwas. Kowace sabuwa tana ƙara wa fayil ɗin tsawo, kuma tana ƙara yawan masu zuwa kwafa, nauyi biyu a kan na'ura ɗaya. Mutum biyu sukan so suna iri ɗaya. Kafin gyaran da aka yi yau ya isa ga kowa, wani gyaran ya riga ya biyo baya.

Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda shi ke rabon lambobi a lokacin, ya miƙa wa abokin aikinsa Paul Mockapetris shawarwarin da mutane suka kawo, ya ce ya daidaita su. Mockapetris ya fito da nasa tsarin, aka wallafa shi a Nuwamban 1983 cikin takardu biyu masu lamba 882 da 883, aka sabunta su a 1987. Shi ne DNS. A 1984 wasu ɗalibai huɗu na Jami'ar Berkeley suka rubuta manhajar BIND mai aiwatar da shi, wadda har yau jikokinta na aiki.

Hikimar tsarin ba wata baƙuwa ba ce ga wanda ya san sarauta. Baƙo ya zo ƙasa yana neman gidan wani talaka. Sarki bai san gidan ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Abin da ya sani shi ne hakimin da ke riƙe da gundumar. Hakimi ya tura shi wurin dagaci, dagaci ya haɗa shi da mai unguwa, mai unguwa ya nuna ƙofa. Babu mai riƙe da sunan kowa, amma kowa ya san na ƙasa da shi, kuma in wani ya yi ƙaura cikin unguwa, mai unguwa kaɗai zai gyara lissafinsa, ba sai an tashi fada ba. Haka Mockapetris ya tsara: aka yanka sunaye reshe-reshe, kowane reshe aka damƙa shi ga mai shi, ya shigar da abin da yake so a ƙarƙashinsa ba tare da neman izinin Kalifoniya ba.

Bari mu bi tambaya guda daki-daki. Yarinya a Sabon Tasha ta rubuta jamb.gov.ng a wayarta tana son duba sakamako. Wayar ba ta san lambar ba, sai ta jefa tambaya ga wata saba, wato kwamfuta mai amsa tambaya, ta kamfanin layinta, MTN ne ko Airtel ko Glo, wadda aikinta ke nan ta yi wa masu waya cigiya. Ita wannan mai cigiya tana fara duba ajiyarta. Idan wani a Narayi ya tambayi sunan nan mintuna kaɗan da suka wuce, amsar na nan, sai ta miƙa, magana ta ƙare. Idan babu, sai ta kama sunan daga dama zuwa hagu. Ta tambayi ɗaya daga cikin sabobin tushe, waɗanda lambobinsu ne kaɗai aka rubuta mata tun farko. Tushe ya ce bai san JAMB ba, amma ga sabobin da ke riƙe da ng. Ta je can, su kuma su nuna mata sabobin da hukumar JAMB ta ajiye bayananta a kai. Waɗannan ne ke ba da lambar. Tare da lambar akwai wa'adi, an ƙidaya shi da daƙiƙa, na tsawon lokacin da aka yarda a ajiye amsar kafin a sake tambaya. Sai yanzu wayar yarinyar za ta fara magana da shafin JAMB. Duk wannan zirga-zirga yawanci ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba.

Wannan wa'adi shi ne abin da masu gina shafuka ke fama da shi. In ka ba da wa'adi mai tsawo, ka rage wa sabarka nauyi, amma ranar da ka ƙaura zuwa sabuwar lamba, wasu za su ci gaba da zuwa tsohon wuri har wa'adin ya cika. Shi ya sa za ka ji mai shago a Barnawa na rantsuwa shafin makaranta yana buɗewa a wayarsa, abokinsa da ke kan wani layi na rantsuwa ba ya buɗewa, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

A 1984 aka tsayar da manyan rassa, com da edu da gov da mil da org, net ya biyo baya. Suna na farko da aka yi wa rajista a ƙarƙashin com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris 1985. Ƙasashe kuma aka ba kowacce haruffa biyu. Postel ya ƙi shiga rigimar wace ce ƙasa wace ce ba ƙasa ba, ya jingina da jerin da hukumar ISO ta riga ta tsara. Nan Najeriya ta samu ng, Nijar ta samu ne, Gana gh, Kamaru cm. Bahaushen Katsina da ɗan uwansa na Maraɗi suka faɗa rassa daban-daban, kamar yadda Turawa suka raba su tun farko. Haruffan da aka yarda da su kuwa su ne 26 na Ingilishi, da alƙaluma, da karan ɗori. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Sai a 2003 aka fito da dabarar shigar da wasu haruffa, kuma a 2010 Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka samu rassansu da rubutun Larabci. Mu dai mun riga mun saba da cire lanƙwasa, har yau shafukan Hausa da sunaye marasa ƙugiya suke yawo.

Yadda Postel ke rabon rassan ƙasashe abin mamaki ne a idon yau. Duk wanda ya fara zuwa, ya nuna ya san aikin kuma zai riƙe shi amana ga al'ummarsa, sai a ba shi, ba yarjejeniya, ba kuɗi. An buɗe ng a 1995, zamanin Abacha, lokacin da layukan tarho masu aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Amanar gudanarwa ta faɗa hannun Misis Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas. Amma ɓangaren na'ura yana Italiya, a wata cibiyar bincike ta birnin Pisa, domin a gida babu layin da zai tsaya dare da rana yana amsa wa duniya tambaya. Daga baya wani injiniya Ba'amurke, Randy Bush, wanda ya taimaki ƙasashe masu tasowa da dama da irin wannan aiki, ya karɓi ɓangaren. Ma'ana, shekara da shekaru, duk wanda ya nemi wani suna mai ƙarewa da ng, daga ƙetare ake ba shi amsa.

Ban ga abin kunya a wannan ba. Wanda ba shi da rumbu dole ya ba da ajiya. Abin da ya ɓata lokaci shi ne ja-in-jar da ta biyo baya a cikin gida, tsakanin mai riƙe da amanar da ƙungiyar Nigeria Internet Group, kan wa ya cancanci riƙe reshen. An kai ruwa rana har sai da Shugaba Obasanjo ya sa baki a 2004. Hukumar NITDA ta riƙe na wucin gadi, aka kafa ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, NiRA, ranar 23 ga Maris 2005, kuma a 2009 aka mayar mata da reshen a hukumance. Shekara goma sha huɗu ke nan daga buɗe ng zuwa zamansa a hannun da yake yau.

A can sama ma ba a zauna lafiya ba. Tun 1995 kamfanin Network Solutions ya fara karɓar dala 50 a shekara kan kowane suna na com da net da org, abin da a da kyauta ne, kuma da kuɗi suka shigo sai tambayar wa ke da tushe ta zama ta gaske. A ƙarshen Janairun 1998 Postel ya aika wa masu kula da takwas daga cikin sabobin tushe saƙo, ya ce su daina kwafo jerin tushe daga na'urar Network Solutions, su koma kwafowa daga tasa. Suka bi, ba gardama, don shi ne Postel. Ya ce gwaji ne. Fadar White House ba ta ɗauke shi da wasa ba, aka umarce shi ya mayar da komai yadda yake, ya mayar. A watan Satumba aka kafa ICANN don ta gaji aikinsa ƙarƙashin sa idon Ma'aikatar Kasuwancin Amurka, a watan Oktoba Postel ya rasu. Wannan sa ido bai ƙare ba sai ranar 1 ga Oktoban 2016. Daga yankinmu, Nii Quaynor na Gana ya shiga kwamitin gudanarwar ICANN a 2000.

Duk wannan ana yi, kudancin Kaduna na cikin nata halin. Rikicin 2000 da na 2002 sun sa dubban iyalai ƙetare kogi, wasu suka yi kudu wasu suka yi arewa, kowa ya nemi inda hankalinsa zai kwanta. Masaƙar KTL, wadda ta fara aiki tun 1957, ta rufe a 2002. UNTL ta bi sahu a 2007. A daidai wannan tsakani ne wayar salula ta GSM ta shigo, a Agustan 2001, shagunan intanet kuma suka fara tsirowa a Barnawa da Kakuri da Television da Sabon Tasha. 'Ya'yan ma'aikatan masaƙa da aka sallama su ne suka cika bencinan, suna neman gurbin karatu ko aikin damara ko bizar Amurka ta caca. Ga saurayin da iyayensa suka canza gida sau biyu cikin shekara uku, adireshinsa na Yahoo shi ne abin da bai canza ba, shi yake rubutawa a kan kowane fom.

Wanda ya zauna a irin waɗannan shaguna ya ga DNS da idonsa ko da bai san sunansa ba. Ka biya kuɗin awa ɗaya, mai shago ya yago maka 'yar takarda mai lambar shiga, mintunanka su fara zuba a kusurwar allo. Janareta na ruri a waje, fanka na juya iska mai zafi. Ka rubuta sunan shafi ka danna, allo ya tsaya fari fat, can ƙasa wani ɗan rubutu na nuna ana neman shafin. Wannan jiran na farko, kafin ko harafi ɗaya ya bayyana, cigiyar suna ce. Layin NITEL mai 062 ba ya ɗaukar shago guda, don haka yawancin shagunan da faranti suke aiki, mai kallon tauraron ɗan Adam da ke nisan kusan kilomita 36,000 a sama. Tambaya ta hau, ta sauka a wata tasha a Turai ko Amurka, amsa ta sake hawa ta sauko: fiye da rabin daƙiƙa kowane zuwa da dawowa, in komai lafiya. Shafi ɗaya kuma yakan ƙunshi sunaye da dama, na hotuna daban, na talla daban. Wani lokaci faranti na nan garau, fitilun na'ura duk kore, amma kowane allo a shagon na cewa ba a samu shafin ba, saboda sabar cigiyar kamfanin ta kwanta. Yaran shago masu wayo sun haddace maganin: su shiga saitin kwamfuta su sauya lambar mai cigiya zuwa wata da suka ji a bakin abokai, irin 4.2.2.2 ta wani kamfanin Amurka, nan take shago ya farfaɗo. A Disamban 2009 Google ya fito da 8.8.8.8, wadda ta fi sauƙin haddacewa, ta zama abin da kowane mai gyaran kwamfuta ke fara gwadawa.

Nisa ne ciwon, kuma ta hanya biyu aka rage shi. Ta farko igiyoyin ƙarƙashin teku: SAT-3 tun 2002, sannan Main One da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, da layukan gilashi da aka ja daga Legas zuwa arewa. Ta biyu ita ce matso da amsar kanta kusa. Sabobin tushe suna goma sha uku ne, daga A zuwa M, adadin da ya samo asali daga iyakar abin da ƙunshin saƙo ɗaya mai bayit 512 zai iya ɗauka. Hukumomi goma sha biyu ke kula da su: goma daga cikin haruffan na hannun Amurkawa, har da NASA da rundunar soja, sauran ukun na Suwidin da Holan da Japan. Babu ko ɗaya mai hedikwata a Afirka. Bayan harin da aka kai musu a Oktoban 2002, wanda ya jigata yawancinsu na kusan awa ɗaya, aka rungumi dabarar da ke ba na'urori da yawa a garuruwa daban-daban damar amsa lamba ɗaya, mai tambaya ya faɗa kan wadda ta fi kusa da shi. Yau waɗannan kwafe-kwafe sun haura dubu ɗaya, akwai wasu a Legas. Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, da aka kafa a 2006, ita ta sa kamfanonin gida suka fara miƙa wa juna saƙo kai tsaye maimakon ya zaga ta Landan, kuma ta buɗe rassa har da Abuja da Kano.

Akwai raunin da aka gina tsarin da shi tun farko. An tsara shi ne tsakanin malaman jami'a da suka san juna, babu wanda ya yi tunanin mai amsa zai yi ƙarya. A 2008 wani mai bincike, Dan Kaminsky, ya nuna yadda ɓarawo zai iya cusa wa mai cigiya amsar bogi cikin daƙiƙoƙi, ta ajiye ta, ta riƙa tura duk mai neman bankinsa zuwa wani wuri daban. Aka yi gyaran gaggawa a asirce kafin a sanar, sannan a Yulin 2010 aka sa wa tushe hatimin lissafi, wanda ke ba da damar tantance cewa amsa daga mai ita ta fito. Makullan wannan hatimi na ajiye a wurare biyu a Amurka, ɗaya a Bajiniya ɗaya a Kalifoniya, ana buɗe su gaban shaidu daga ƙasashe daban-daban, ana ɗauka a bidiyo. Cikin mutum bakwai da aka fara damƙa wa katunan farfaɗo da makullin in bala'i ya auku, ɗaya ɗan Burkina Faso ne.

Sai dai damfarar da ta fi cin mutanenmu ba ta buƙatar wannan ƙwarewa. Ɗan damfara ya sayi suna mai kama da na hukuma ko na banki, ya ƙara harafi ko ya rage, ya watsa a WhatsApp cewa an buɗe ɗaukar ma'aikata ko rabon tallafi. DNS zai kai ka can da gaskiyarsa, domin sunan na da rajista kuma lambar daidai ce. Ba aikinsa ba ne ya san halin mai gida. A nan reshen gov.ng yake da amfani na zahiri: ba a sayar da shi ga kowa, sai hukumar gwamnati da aka tantance. Wanda ya koyi duba ƙarshen suna, ya ga kdsg.gov.ng ko kasu.edu.ng, ya tsira daga tarko da yawa. Shi ya sa nake ganin ganganci ne babban jami'in gwamnati ya buga katinsa da adireshin Gmail, ko hukuma ta buɗe shafin ɗaukar aiki a ƙarƙashin com. Tana koya wa jama'a su yarda da abin da ɗan damfara ma zai iya mallaka. Harafi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ko ga manya: a 2023 ta bayyana cewa shekara da shekaru miliyoyin saƙonnin da aka nufi sojojin Amurka da su, masu ƙarewa da mil, suna ta faɗawa reshen Mali, ml, saboda yatsa ya tsallake harafi.

Makon farko na Oktoban 2021 ya haɗa wa mutanen Kaduna abubuwa uku a lokaci ɗaya, kuma duka da kalma ɗaya aka kira su, wai babu sabis. Tun 5 ga Yuni gwamnatin tarayya ta sa kamfanonin waya sun toshe Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari. Sunan na nan, shafin na aiki a ko'ina a duniya, ƙofar Najeriya ce aka rufe, matasa kuma suka koyi zagayawa da VPN. A ƙarshen Satumba gwamnatin jiha ta sa aka kashe layukan sadarwa a wasu sassa saboda 'yan bindiga, har da yankunan Chikun da ke maƙwabtaka da kudancin birni; nan babu dabarar da za ta yi aiki, tun da turakun ne aka kashe, mutane suka riƙa tafiya neman inda waya za ta kama. Sai ranar Litinin 4 ga Oktoba, bayan la'asar, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace gaba ɗaya, ga mai sabis da mai VPN duka.

Na ukun nan shi ne na DNS. Wani umarni da injiniyoyin Facebook suka bayar yayin gyara ya katse layukan da ke haɗa cibiyoyinsu. Sabobinsu masu amsa sunan facebook.com an tsara su ne in suka ga ba sa jin cibiya, su janye kansu daga hanya, don kada su tura mutane wurin da ya lalace. Duka suka ga haka a lokaci ɗaya, duka suka janye. Tushe na nan lafiya, com na nan lafiya yana nuna inda za a je, amma in an je babu mai amsawa. Da wa'adin amsoshin da ke ajiye ya cika, sunan ya zama kamar ba a taɓa yin sa ba. Kayan aikin da injiniyoyin za su yi gyara da su ma da sunayen suke aiki, sai da aka tura mutane da ƙafa zuwa ɗakunan na'urori. An ɗauki kusan awa shida. A Kaduna mai sayar da atamfa ta WhatsApp ta sake sayen data, ta kashe waya ta kunna, ta zagi kamfanin layinta da bai san hawa ba bai san sauka ba. Biliyoyin wayoyi da ke ta maimaita tambaya ɗaya kuma suka ɗora wa masu cigiya na duniya nauyi ninkin-ba-ninkin. Kashe layukan jihar ya kai ƙarshen Nuwamba, Twitter kuwa sai 13 ga Janairun 2022.

Reshen ng da aka sha wahalar dawo da shi gida har yanzu bai cika ba. Sunayen da ke ƙarƙashinsa ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, alhali za na Afirka ta Kudu ya wuce miliyan ɗaya. Wani ɓangare na dalilin tabon damfarar 419 ne, da ya sa 'yan kasuwa ke ganin com ya fi kwarjini a idon baƙo. Wani ɓangaren kuma yawancin masu sana'a ba su ga buƙatar suna nasu ba sam: tela a Kakuri da mai kayan ɗaki a Gonin Gora shafin Instagram da lambar WhatsApp sun ishe su, suna zaune a ƙarƙashin sunan wani, in ya faɗi su faɗi tare. Faɗuwar naira tun 2023 ta ɗan sauya lissafi, domin com da dala ake sabunta shi, ng kuwa da naira. Yankewar igiyoyi huɗu a gaɓar Kodebuwa ranar 14 ga Maris 2024, wadda ta tsayar da harkar bankuna da dama, ta tuna wa kamfanoni cewa suna na gida bai wadatar ba in sabar da ke amsa shi da shafin kansa duk suna ƙetaren teku.

Sauyi na baya-bayan nan a kan mai cigiya yake. Shekara talatin da biyar tambayar suna na tafiya tsirara, duk wanda ke kan hanya yana iya ganin shafin da kake nema, ya rubuta, ko ya ba ka amsar ƙarya don ya hana ka. Toshe shafi ta wannan hanya shi ne mafi arha ga kowace gwamnati, shi ya sa a 2014 masu zanga-zanga a Turkiyya suka riƙa rubuta 8.8.8.8 da fenti a bango. A 2018 Cloudflare ya buɗe 1.1.1.1, aka tsayar da ƙa'idar lulluɓe tambayar cikin rufaffen saƙo, kuma Android ta ƙara wani gurbi a saitinta inda mai waya zai zaɓi wanda zai riƙa yi masa cigiya. Masu gyaran waya a kasuwa sun gano shi da wuri, sukan cika shi da sunan wata saba mai ƙin amsa sunayen kamfanonin talla, talla ta ragu, data ta ƙara auki. Wanda ya yi haka ya ɓoye wa kamfanin layinsa jerin shafukan da yake nema, ya miƙa jerin ga wani kamfani a ƙetare da ba ya ƙarƙashin dokar hukumar sadarwa ta NCC, kuma yawancin masu wayar ba su san an sauya musu komai ba.